Kawuna, Bakin Mai Malafa

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Kawu dai ya riga mu. Ya cika ranar Laraba da hantsi a gidansa na Birnin Kebbi, aka kai shi makwanci kafin azahar. Yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Tun da aka ba mu jiha garin ya cika da baƙin ma'aikata da aka kwaso daga Sakkwato, har uku daga cikinsu suna zaune a shagon ƙofar gidan Kawu. Su suka fi kowa mamaki a zaman makoki. Sun san shi tsoho ne mai ɗinkin hula a gindin dogon yaro, sai ga tsofaffi suna ta sauka daga Argungu da Gulma da Augie, wasu a bayan motar albasa. Wata tsohuwa da ba wanda ya san ta a gidan ta tsaya a bakin zaure tana cewa, "Wayyo, bakin Mai Malafa ya ruhe!"

Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya taɓa ni ya ce, "Malam, wane ne Mai Malafa?"

Na ce, "Wani ne."

Wani maƙwabci kuma ya shafa fatiha ya ce, "Allah shi jiƙan shi, mutumin kirki ne, amma dai..." Sai ya gyara hularsa. Wannan "amma dai" ita ta hana ni cin abinci ranar. A cikin gida Inna carbi kawai take ja. Matar Kawu kuwa, da na shiga yi mata gaisuwa, ta kama bakin rigata ta ce a hankali, "Hoton nan dai, ku hidda man shi daga ɗaki."

Ni tela ne, karatuna na boko iyakarsa firamare, kuma duk wanda ya san ni ya san ina da waswasi. In na auna yadi sai na sake aunawa, in na rufe shago sai na dawo na taɓa kwaɗon. Na faɗi haka ne don mai karatu ya san irin mutumin da ke ba shi labari.

Zamanin Turawa, kafin a haife ni, wani Kwara, wato Balarabe, ɗan kasuwa a Sakkwato yana da motar majigi. Ya sayi tsofaffin fina-finai marasa magana da aka gama yayinsu a ƙasashen da aka yi su, yana yawo da su garuruwa, a kafa farin ƙyalle a fili a haska. Tunda mutanen ciki baki kawai suke motsawa, sai an sami mai bayani ya tsaya gefen ƙyallen da sanda a hannu yana faɗa wa jama'a abin da ake cewa. Kawu ne mai bayanin. A cikin fina-finan akwai wani ɗan wasa mai siririn gashin baki, yana hawan doki da babbar malafa irin ta manomanmu, sai dai tasa ta fi faɗi. Mutanen Argungu suka sa masa Mai Malafa, Kawu kuma ya zama Bakin Mai Malafa, sunan ya bi shi har kabari.

Abin da ya rage masa daga wannan aiki hoto ne guda na mutumin, ya yi ja don tsufa, yana ajiye a akwatin ƙarfe. In ya ji daɗin zama sai ya ɗauko shi ya ba da labari. In ya gama, sai ya ɗora yatsa a kan bakin mutumin hoton, ya ɗauke, ya dafa ƙirjinsa, sannan ya mayar da hoton akwati. Bai taɓa fasawa ba. Wannan ne abin da unguwa ta daɗe tana raɗa a kai. Wasu sun ce aljani ne yake ba shi magana. Wasu sun ce alama ce ta wani addini da ya kwaso a wurin Kwara. Na taɓa tambayarsa, ya yi dariya ya ce, "Na yi shekaru ina bayani, ɗana. Yanzu na huta."

Ran sadakar uku Malam Ƙarami ya tara mu a zaure. Shi ɗan Kawu Babba ne, wato yayan su Inna da ya rasu tuntuni, kuma shi ya gaji makarantar gidan. Taubashina ne shi ma, amma da malami ba a wasa.

Ya ce, "Ba ni cewa komi bisa mamaci. Amma mutane na magana, kuma ni ka ɗaga hannu gaban su. Ran bakwai, wanda ya san shi shi tashi shi hwaɗa ma jama'a mi ke tsakaninai da hoton ga. In ba a samu ba, in yi mai addu'a cikin ɗakina, ba ni zama gaban jama'a."

Kowa ya san abin da hakan ke nufi. In malamin gida ya ƙi zama a addu'ar bakwai ta ƙanen ubansa, to raɗa ta zama hukunci, kuma jikokin Kawu da shi za su tashi.

Babban ɗan Kawu, wanda shi ne taubashina na wasa, ma'aikaci ne a sabuwar sakatariya. Ya nuna ni da leɓe ya ce, "Ga bawana nan. Shi ka zama wurinai kullum awa kaza bisa ƙwai. Shi tashi shi ba da shaida."

Na ce, "Ubangidan da bai san uban nai ba sai bawa ya gaya mai?"

Ya ce, "Bari wasa, don Allah." Na dubi idonsa na ga ya yi ja. Sai na bari.

To, ga inda matsalata take. Ina tsoron shaidar zur fiye da yadda nake tsoron maciji, kuma gaskiyar magana ni ma ina zargin Kawu. Ba zargin tsafi ba, wannan ban taɓa ganin alamarsa ba, mutum ne mai sahun gaba a masallaci. Zargina shi ne ƙarya. Ina jin nauyin rubuta kalmar, amma abin da ke zuciyata ke nan.

Ga yadda yake ba da tarihin Mai Malafa. Ya ce mutumin ƙasar Meziko ne, yaƙi ya kori gidansu suka tsallaka Amurka yana saurayi. Ya yi wanke-wanke a gidan abinci, ya yi rawa a biya shi, har aka fara sa shi cikin taron mutane a fim. Lokacin da fim ba ya magana, ba abin da bai zama ba: yau Balarabe, gobe ɗan sarki, jibi ɗan fashi, tunda fuska kaɗai ake kallo. Da aka sa wa fim murya, harshensa ya tona inda ya fito. Turancinsa da nauyi, sai aka daina ba shi ɗan sarki, aka bar masa ɗan fashi da bara. Wai har akwai lokacin da Turawa za su yi nasu wasan su tashi, sannan shi da 'yan ƙasarsu su shiga wurin su maimaita shi da harshensu don a kai can gida. Da ya tsufa sai a sa shi uban wani, ya fito kaɗan ya ɓace. Kawu kan ce, "Sanda ba shi magana kowa na son shi. Ran da ya buɗe baki ran nan ya zama baƙo."

Labarin da daɗi, amma ni ina riƙe abu. Wata rana 'yan'uwansa tara ne, wata rana goma sha biyu. Wata rana wanke-wanke ya yi, wata rana burodi ya sayar. Sau ɗaya ma ya ce mutumin yana son kifi busasshe, na ce, "Kawu, wa ya gaya maka?" Ya ce, "Dubi kumatun nai. Wanga ai macin kihi ne." Jama'a suka yi dariya, ni ban yi ba. Na koma shago ina tunanin yadda mutumin da bai taɓa wuce Zariya ba ya san abin da ake ci a Meziko.

Kawu Babba ma a kan haka suka ɓata da Kawu. Inna ta ba ni labari. Gidansu gidan malamai ne, sai ga ƙane ya ajiye allo ya bi motar Kwara. Ran da ya dawo hutu ya miƙa hannu a akushi, Kawu Babba ya janye akushin ya ce ba ya haɗa hannu da mai sa wa inuwa magana. Kawu ya tashi ya fita. Shekaru suka yi suna gaisawa a masallaci kawai. Da ciwon ajali ya kama Kawu Babba, Kawu ne ya yi jinyarsa, yana juya shi yana ba shi kunu a baki. Ko sun yi maganar akushi ban sani ba, Inna ma ta ce ba ta sani ba.

Akwai abin da ya yi mini da ba zan ɓoye ba, ko da yake kunya ce a gare ni. Shekarar da na yi aure waswasi ya tsananta mini a alwala. Sai in wanke hannu in ga kamar ban wanke gwiwar ba, in sake, in ƙarar da buta uku, a idar da salla ina tsugune. Abokai suna ce mini Sarkin Ruwa. Kawu ya ji, bai yi mini wa'azi ba. Ya riƙa takowa daga gidansa zuwa shagona kowace azahar da la'asar, ya tsuguna kusa da ni yana kallo. Ina wanke ƙafar hagu sai ya kama butar ya ce, "Na gani, ta yi. In da saura, bisa wuyana. Tashi." Ya fi wata guda yana haka, da ciwon gwiwarsa, har na iya tashi ni kaɗai. Har gobe in shaiɗan ya zo mini a alwala muryarsa nake ji.

To mutumin da ya yi mini wannan, yaya zan ƙi tashi in yi masa shaida? Kuma yaya zan tashi in ce ban san shi da ƙarya ba, alhali ina ƙirga 'yan'uwan Mai Malafa?

Matata ta gaji da juyina ta ce, "Ka tahi Argungu mana. Tsohuwar nan mai kuka ta ce direban motar majigin na nan da rai."

Ran Lahadi da safe na shiga mota. Muka wuce Ambursa ana ta yankan shinkafa a fadama, ni kuwa ina ta shirya tambayoyi ina rushewa. Na sami tsohon direban a wata rumfa kusa da gulbi, jikokinsa na gyaran komar kamun kifi, shi yana jingine, idonsa ɗaya ya mutu. Ciwon ƙafa ne ya hana shi zuwa gaisuwa. Da na faɗi ko ni wane ne sai ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Na ce, "Baba, tambaya gare ni, kuma ina roƙo kada ka gyara mani komi. Kawu ya iya Turanci?"

Ya yi dariya har ya yi tari. "Turanci? Ko kwabo. Rubutun da ka hitowa bisa ƙyalle, shi da akuya duk ɗaya."

Na ce, "Ke nan duk abin da yake hwaɗi..."

"Daga kai nai. Duka."

Sai ya ba ni labari. Ya ce akwai fim ɗin da Mai Malafa ke tare Turawa a hanya da bindiga. Kwara ya iya karatu, ya ce abin da aka rubuta shi ne, ku ba ni zinariyarku. Amma in an zo wurin sai Kawu ya ɗaga sanda ya yi tsawa, "Ku ba ni gonar ubana da kunka amshe!" Fili ya ɗauki sowa. Kwara ya yi faɗa, ya ce za a ja masa fushin Joji, Baturen mulki, mutumin ɓarawo ne a fim, a bar shi ɓarawo. Kawu ya ce ya duba fuskar da kyau, bai ga ɓarawo ba, kuma ba zai kira mutum ɓarawo a gaban jama'a ba alhali mutumin ba shi da bakin kare kansa.

Na ce, "To tarihin nai hwa? Meziko, da yaƙi, da wanke-wanke?"

Ya ce, "Kwara na da wasu takardu masu hotuna, shina karanta muna in an tsaya gyaran taya. Wani daga can ne. Wani kau..." Ya buɗe tafin hannu. "Ni dai mota nika ja."

Ya ce daga baya Kwara ya kawo injin mai murya da sabon fim na Mai Malafa, aka kafa a nan Argungu. Mutumin ya tsufa kaɗan, an sa shi bara a gidan wani Bature. Da ya buɗe baki sai aka ji wata 'yar murya mai sanyi, ba irin tsawar da aka saba ba. Jama'a suka tashi: "Ba muryatai ba ce! An musanya shi!" Har da jifa. Dole direban ya kashe muryar, Kawu ya tsaya ya yi bayani kamar da. Amma Kwara ya sayi murya da tsada, ba zai riƙa kashe ta ba. Bayan wannan zagayen ya sallami Kawu, ya ba shi hoton.

"Ran nan bai ci tuwo ba," in ji direban. "Yac ce man, ashe mutumin na da murya tai, ni na hana a ji ta."

Na yi ta jan zance ina tsoron tambayar da ta kawo ni. Da na ga rana ta yi, na daure na kwatanta masa: yatsa a bakin hoto, hannu a ƙirji.

Ya dube ni da idonsa mai gani. "Wanga shi ad damuwarku can Birni?"

Na ce, "Ana cewa tsahi ne."

Ya ce, "Kai, malamai! Duk wanda ya kalli majigi ƙasar ga ya san wanga. In an ƙare, kahin a kashe inji, sai shi ɗora sanda bisa bakin mutumin, shi dahe ƙirji, shi ce da ƙarhi: Jama'a ku shaida, shi bai ce komi ba, ni na hwaɗi. In da ƙarya, tawa ce, kada a tambaye shi ran gobe. Ko ruwa aka yi sai ya hwaɗe ta. Har yara sun hardace, suna amsa mai, mun shaida!"

Ya kira wani tsoho mai saƙar taru a rumfar gaba ya ce, "Kai, mi Bakin Mai Malafa ka cewa in an ƙare?" Tsohon bai ko ɗago ba ya karanto ta tiryan-tiryan. Na sa ya maimaita. Sannan, Allah ya yafe mini, na zaga bayan kasuwa na sami wata tsohuwa mai tuyar kifi wadda ba ta ga zamana da su ba, na tambaye ta. Ita ma haka ta faɗa, sai dai ta ce "alhaki" a inda suka ce "ƙarya". Wannan bambanci ya dame ni har Ambursa, daga nan na bar shi.

Ran bakwai zaure ya cika har waje. Malam Ƙarami ya zauna, hannuwansa a kan gwiwa, bai ɗaga ba. Taubashina ya zungure ni ya ce, "Tashi, bawa, kada ka yi muna alwala ukku nan."

Na tashi. Na ce ni ba zan shaida cewa duk abin da Kawu ya faɗa a kan mutumin hoton ya faru ba, don ban sani ba, kuma ina zaton wani bai faru ba. Taubashina ya sunkuyar da kai. Na ce amma na je Argungu na tambayi mutum uku, ɗaya ba ta san na tambayi sauran ba. Na faɗi abin da yatsa da ƙirji suke nufi, na faɗi kalmomin yadda aka ba ni, har da inda tsohuwar ta saɓa. Na ce abin da zan iya shaida ke nan: Kawu bai taɓa sa wa wani magana a baki ya bar shi da nauyinta ba, ko da wanda ba ya ji, ba ya gani, ba addininsu ɗaya ba.

Daga can baya wani tsoho cikin baƙin Gulma ya ce, "Mun shaida." Wasu biyu suka amsa. Maƙwabcin nan mai "amma dai" yana kallon tabarma.

Sannan Malam Ƙarami ya ce, "Da baba ya ji wanga..." Bai ƙarasa ba. Ya ɗaga hannu, muka ɗaga.

Hoton yana wurina, matar Kawu ta ce in tafi da shi. Yana cikin aljihun keken ɗinkina a kife, don ban tabbata hukuncin ajiye shi a buɗe ba, kuma na kasa ƙona shi. Sunan mutumin na gaskiya yana rubuce a ƙasa amma ya goge. Ko yana raye, ko ya san akwai garin da aka yi jifa saboda muryarsa, Allah kaɗai ya sani. Ko 'yan'uwansa tara ne ko goma sha biyu, har yau ban sani ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sa alherin da ya yi ya tare shi, ya ba iyalinsa haƙuri.

Saura abu ɗaya. Na karanta abin da na rubuta sau huɗu, na ga wurare da yawa na ce Kawu ya ce kaza, alhali wasu a bakin Inna na ji, wasu a bakin direba, wasu kuma shekaru sun shige, ban tabbata haka ya jera kalmomin ba. Yanzu shi ne ba ya magana, ni ke riƙe da sanda. Don haka duk wanda ya karanta ya shaida: shi bai ce komai ba, ni na faɗa. In da ƙarya, tawa ce, kada a tambaye shi.